Tafin Hannu Ko Babban Yatsa: Wanne Zai Riƙe Maka Tsirkiyoyin Bes a Jita?

Tsirkiyoyi uku masu kauri na jita, wato ta shida da ta biyar da ta huɗu, waɗanda ake kira bes, ba sa saurin yin shiru don kansu. Ka kaɗa ta shida a sake, za ta yi ta amo, ba ruwanta da cewa ka riga ka sauya kod, wato haɗin sautukan da hannun hagu ke dannawa. Ka bi ta da ta biyar, sai sautukansu biyu, E da A, su cakuɗe a can ƙasa su zama gunji, karin da yatsu ke fitarwa a sama ya nutse a ciki. Har wadda ba a taɓa ba ma tana iya farkawa. Siririyar tsirkiya ta farko tana girgiza kusan sau 330 a daƙiƙa, ta biyar kuwa sau 110, wato ninki uku ne tsakaninsu. Kaɗa ta farkon da ƙarfi ka yi maza ka danne ta, za ka ji ta biyar tana amsawa ita kaɗai a hankali. Mai kaɗa jita da yatsu ba shi da yadda zai yi, dole ya san yadda zai riƙe waɗannan ukun.

Inda mutane da yawa ke shan wahala shi ne suna ɗaukar aiki biyu a matsayin ɗaya. Akwai disashe bes: kowane sauti ya fito gajere, a dunƙule, "dum, dum", tun daga fitowarsa. Akwai kuma kashe bes: a bar sautin ya fito da cikakkiyar muryarsa, ya yi tsawon da aka so, sannan a tsayar da shi a daidai lokacin da na gaba zai shigo. Na farkon aikin tafin hannu ne. Na biyun aikin babban yatsa ne da hannun hagu. Kowannensu yana da irin zaman hannun da yake buƙata, kuma ciwon tsintsiyar hannu da masu koyo ke kuka da shi yana iya zuwa daga ƙoƙarin yin aikin ɗaya da zaman ɗayan.

Mu fara da tafin hannu, tunda shi ya fi jan mutane. Wannan salon an fi danganta shi da Merle Travis, mutumin yankin Muhlenberg a jihar Kentucky ta Amurka, wanda ya koya daga makaɗan yankinsu irin su Mose Rager da Ike Everly. Babban yatsa yana kai-da-komo tsakanin tsirkiyoyin bes a kowane bugu, gefen tafi yana kwance a kansu, karin kuma yana fitowa tangaram a sama. Travis da manuni kaɗai yake ɗaukar karin. Chet Atkins ya ji shi a rediyo yana matashi, ya ɗauki salon ya ƙara yatsu, daga baya Tommy Emmanuel na Ostireliya ya kai shi manyan dandamali na duniya. Abin da ke sa wannan kiɗa daɗi shi ne kunne yana jin kamar mutum biyu ne ke wasa, don bes ɗin yana da murya daban da ta karin.

Ga yadda ake nemo wurin. Tsokar nan da ke gindin tafi, ɓangaren ƙaramin yatsa, kusa da tsintsiyar hannu, ita za ka ɗora a kan jakin jita, daidai kan ɗan siririn farin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa. Ɗorawa kawai, ba dannawa ba. Kaɗa ta shida. In ta yi amo kamar ba a taɓa ta ba, hannunka ya yi baya da yawa. Matso shi wajen bakin jita, wato ramin da ke fuskarta, kaɗan kaɗan, milimita biyu ko uku a lokaci guda, kana kaɗawa kana saurare. Akwai wani ɗan wuri inda sautin zai gajarce amma har yanzu kana iya cewa wannan E ce. Ka wuce nan da faɗin yatsa ɗaya, sautin ya mutu, ya zama "tak" marar nota, kuma in ka haɗa da dannawa sai ya ɗan hau sama ya saɓa wa sauran tsirkiyoyi. Duk fasahar tana cikin wannan ɗan tsukin.

Tsirkiya ta huɗu ce ke ba da wuya. Tafi yana rufe ta shida da ta biyar cikin sauƙi, amma ta huɗu tana bakin iyaka: ko ta kuɓuce ta yi ta amo, ko kuma a garin kamo ta a danne ta uku, wadda kari ke buƙata a buɗe. Tunda a wannan salon ta huɗu ce ke ɗaukar bugu na biyu da na huɗu a yawancin kod, rashin daidaiton yana fitowa fili, sai ka ji "dum, taang, dum, taang". Maganinsa ba ƙara ƙarfi ba ne. Ɗan juya hannun ne daga gwiwar hannu, yadda tsokar za ta kwanta a karkace ta ratsa ukun. Wasu makaɗan ma da gangan suke barin ta huɗu ta fi sauran buɗewa kaɗan, don bugun ya sami ɗan tsalle. Ni ina son haka, muddin an zaɓa ne, ba kuɓucewa ta yi ba.

Abin da ya kamata a faɗa wa mai koyo tun ranar farko shi ne wannan: salon tafi da farcen aro na babban yatsa aka gina shi. Ina nufin ɗan robar nan da ake zura wa babban yatsa kamar zobe, mai harshe da ke fitowa ta gefe. Travis da Atkins duk da shi suke wasa. Dalilin a bayyane yake in ka dubi hannunka. Da zarar tafi ya kwanta a kan jaki, babban yatsa ya zama kusan a layi ɗaya da tsirkiya, farcensa ba ya kai mata, sai gefen tsoka ne ke shafarta. Tsirkiyar da aka riga aka disashe, aka kuma shafe ta da tsoka, da ƙyar ake jinta. Sai mutum ya fara neman ƙarfi ta hanyar lanƙwasa tsintsiyar hannu ko murɗa babban yatsa ciki, nan ciwo ke farawa. Farcen aro yana fitowa ne a gicciye, don haka yana kama tsirkiya hannu na kwance yadda yake. Ana iya disashe bes da yatsa tsura, akwai masu yi da kyau, musamman a salon bulus, kiɗan baƙaƙen Amurka, inda ake dukan tsirkiyar da nauyin hannu. Amma in kana faman nema kuma hannunka na ƙi, gwada farcen aro kafin ka yanke hukuncin cewa hannunka ne bai dace ba. Makonnin farko zai ji maka kamar baƙon abu, bes zai yi ƙara fiye da kari, wani lokaci ya maƙale a tsirkiya. Ka nemi wanda ya kama yatsan ba tare da ya matse shi har ya canza launi ba, in harshen ya yi tsawo kuma ana iya goge shi ya gajarta.

Me ake rasawa? Abu uku, kuma ba ƙanana ba ne. Hannu ya kafe a wuri ɗaya kusa da jaki, inda sauti ya fi kaifi, ba ka da damar matsawa kan bakin jita don neman taushi ba tare da ka saki bes ba. Yatsu kuma, da yake hannun ya yi ƙasa, sai su naɗe sosai, suna son fizgo tsirkiya sama maimakon tura ta, wanda ke sa ta mari firet, wato 'yan ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita. Yatsan zobe shi ya fi shan wuya a nan, ba mamaki da yawa daga masu wannan salo suke wasa da manuni da na tsakiya kawai. Na uku, a jita mai tsirkiyar ƙarfe akwai ƙusoshin da ke riƙe tsirkiyoyi a bayan farin ƙashin, kuma hannun da ya ja baya zai riƙa zama a kansu.

Hanya ta biyu ita ce ta masu jitar kilasik, zaman da ya kafu tun zamanin Francisco Tárrega a Sifen, Andrés Segovia kuma ya yaɗa shi a ƙarni na 20. Hannu ba ya jingina da komai sai damtse a gefen jita. Tsintsiyar hannu tana sama da fuskar jita da kamar faɗin yatsu uku, yatsu na saukowa kan tsirkiya daga babbar gaɓa. A wannan zama tafi ya yi nisa da jaki, don haka babban yatsa ne mai gadi: shi ke kaɗawa, shi ke tsayarwa.

Motsin ya danganta da inda bes ya nufa. In kana saukowa daga ta biyar zuwa ta shida, abu ne mai sauƙi: kaɗa ta shida ka bar babban yatsa ya zarce ya huta a kan ta biyar, ya kashe ta kenan a cikin motsi ɗaya. In kana hawa daga ta shida zuwa ta biyar, sai ka ɗan kwantar da yatsan yayin da yake shirin kaɗa ta biyar, yadda bayansa zai taɓa ta shida. In tsallake ne, daga ta shida zuwa ta huɗu, ka kaɗa ta huɗu sannan yatsan ya koma ya sauka kan ta shida nan take, ya zauna a can har a sake buƙatarsa. Akwai kuma saukar da yatsa da wuri a kan tsirkiyar da za a sake kaɗawa, wanda ke yanke sautin baya ya bar ɗan shiru kafin na gaba.

Ribar wannan hanya babba ce. Bes yana fitowa da cikakkiyar murya, kai ne ke yanke tsawon kowane sauti, ɗaya dogo, ɗaya gajere, yadda kiɗan ya nema. Hannu yana da 'yancin yawo daga jaki zuwa bakin jita. Yatsu uku duka suna aiki daidai, kuma tsintsiyar hannu tana kusa da yadda take in ka saki hannunka ya rataya. A kiɗa mai tafiya a hankali, inda bes shi ma kari ne na kansa, ba na ganin akwai abin da ya kai wannan.

Kuɗin da ake biya shi ne aikin babban yatsa ya ninka, kuma rabin aikin ba a jinsa, shi ya sa yake da wuyar koyo: mutum yana tuna abin da zai kaɗa, yana manta abin da zai kashe. Dole ka zauna da kiɗan ka gano wuraren da bes biyu ke karo, ka sa alama, ka koyi tsayarwar kamar yadda ka koyi kaɗawar. Sannan a kiɗa mai sauri inda babban yatsa ke aiki a kowane bugu, babu lokacin komawa baya. Kuma ko ka ƙware, ba za ka sami "dum, dum" ɗin Travis daga nan ba. Su ma masu kilasik in suna son wannan disasshiyar murya, saukar da gefen tafi suke yi kan jaki na ɗan lokaci, su gama su koma zamansu.

Hannun hagu ba hanya ce ta uku mai zaman kanta ba, mataimaki ne ga duka biyun. In sautin bes dannanne ne, sassauta yatsan ba tare da ka ɗaga shi daga tsirkiya ba, sautin zai tsaya. In ka ɗaga da sauri kuwa, tsirkiyar za ta yi amo a sake, ka ƙara matsala. A kod ɗin C, kan yatsan zobe da ke danne ta biyar yana iya ɗan taɓa ta shida ya hana ta magana. Wasu suna leƙo da babban yatsan hagu ta saman wuyan jita don riƙe ta shida. Wannan yana yiwuwa a wuya mai faɗin milimita 43 zuwa 45 irin na jitar ƙarfe, amma a na kilasik mai milimita 52 wahala ce kawai. A kula da firet na 12 da na 7 da na 5: taɓa tsirkiya a hankali daidai kansu ba ya kashe ta, wani siririn amo yake fitarwa.

Akwai masu cusa ɗan soso a ƙarƙashin tsirkiyoyin bes kusa da jaki. Ba sabon tunani ba ne, jitar lantarki ta Fender Jaguar ta 1962 ma da abin disashe tsirkiya ta fito. Yana aiki a ɗaukar sauti in waƙar gaba ɗaya haka ake sonta, amma ba ka iya cire shi a tsakiyar kiɗa, kuma ba ya koya wa hannu komai.

Yanzu batun zaman hannu, wanda a ganina shi ne ya kamata ya raba gardama. Ba tsintsiyar hannu ce ke yanke inda tafi zai sauka ba, inda jita ta zauna a jikinka ne. Ɗora ta a cinyar dama, wuyanta kusan a kwance, ka sauke damtse ta saman faffaɗan ɓangarenta: hannun zai zo wa tsirkiyoyi a karkace, gindin tafi ya faɗa kusa da jaki da kansa. Mayar da ita cinyar hagu da matakin ƙafa ko abin tallafi, wuyan ya ɗaga sama kamar digiri 45: hannun zai sauka a gefen bakin jita, a sama, babban yatsa da yatsu suna da fili. Zama na farko na tafi ne, na biyu na babban yatsa. Wanda ya zauna zaman kilasik yana son tafinsa ya kai jaki na tsawon waƙa, sai ya karya tsintsiyar hannu gefe ko ya ɗaga kafaɗa. Wanda kuma ya ɗora a cinyar dama yana son tsintsiyar hannu a sama irin ta kilasik, sai ya lanƙwasa ta ciki fiye da kima. Duka biyun suna wahalar da jijiyoyi a banza.

Gwajin da nake ba kowa shawara ba ya buƙatar komai. Zauna da jita, saki hannun dama ya rataya a gefenka, kafaɗa a sake. Ɗago shi daga gwiwar hannu kawai ka ɗora, kada ka gyara komai. Dubi inda ya sauka. In tafi ya yi nisa da jaki kuma salon tafi kake so, jitar za ka matsar, ko ka sauya inda damtse ke haye gefenta, har tsokar ta zo wurin ba tare da ka karkata tsintsiyar hannu ba. Maratayi yana taimakawa ko a zaune, don yana riƙe jitar a wuri ɗaya, hannu ya huta da aikin tallafe ta. Girman jita ma yana da nasa. Babbar nan da ake kira dreadnought faɗinta ya kusa santimita 40, kuma tana da zurfi, mai gajeren hannu dole ya ɗaga kafaɗa kafin ya zagayo ta. Ƙaramar jita sau da yawa takan warware abin da wata da watanni na atisaye suka kasa.

Sai ƙaramin yatsa, wanda wasu ke kafawa a fuskar jita don hannu ya san inda yake. Manyan makaɗa da yawa suna yi, ba laifi ba ne. Amma in tafi na kan jaki, ka riga ka sami madogara, ƙara ta biyu ƙulle hannu ne. In kuma kana bin hanyar babban yatsa, shi kansa yana zama madogara duk lokacin da ya huta a kan tsirkiya. In dai za ka taɓa da ƙaramin yatsa, ya zama shafa ce mai iya zamewa. Da zarar ka ga kansa ya yi fari don dannawa, yatsan zobe ma ya sandare, don su biyun ba sa rabuwa sosai a motsi.

To wanne za ka ɗauka? Duba abin da kake saurare har ya sa ka ɗauki jita. In kiɗa ne mai bes na kai-da-komo, mai tsalle, a kan tsirkiyar ƙarfe ko jitar lantarki, ɗauki tafi, sayi farcen aro, ɗora jita a cinyar dama, ka yarda hannunka zai zauna kusa da jaki. In tsirkiyar nailon ce, ko kana tara farce, ko kiɗanka mai nutsuwa ne da bes mai dogon numfashi, ɗauki babban yatsa da hannun hagu, ka ɗaga wuyan jita. In kana rakiyar muryarka ne kawai da zubi mai sauƙi, wataƙila ba ka buƙatar disashe komai. Yawancin irin wannan kiɗa amon bes ɗin ne ke cika shi, abin da kake buƙata shi ne kashe tsirkiyar da aka bari a sake lokacin sauya kod, musamman daga E zuwa A ko daga A zuwa D. In kuwa ba ka tsayar da salo ba tukuna, ni zan ce ka fara da babban yatsa. Yana koya wa kunne lura da ƙarshen sauti, ba farkonsa kaɗai ba, kuma sauko da hannu kan jaki daga baya ya fi sauƙi a kan ɗaga hannun da ya saba jingina. Wanda ya fara da tafi yakan rufe duk wani karo na bes da shi, har ya daɗe bai san karon na nan ba.

Kowacce ka zaɓa, raba aikin. Babban yatsa shi kaɗai tukuna, a kan kod ɗaya, ta shida, ta huɗu, ta biyar, ta huɗu, a hankali, har huɗun su fito da tsawo ɗaya da ƙarfi ɗaya. Sannan ka ƙara sauti ɗaya na kari a bugun farko, ka lura ko tafin ya ɗaga lokacin da yatsa ya motsa, don nan ne yake yawan ɗagawa. Ɗauki kanka da waya ka saurara, saboda abin da ke isa kunnenka daga saman jita ba shi ne abin da na gabanka ke ji ba.

Gajiyar tsoka a makonnin farko ba abin damuwa ba ce, tana wucewa da hutu. Abin da ba a wasa da shi shi ne tsami mai kaifi a gindin babban yatsa, ko jin yatsu na mutuwa ko kamar ana tsira musu allura. In babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, jijiyar da ke ratsa tsakiyar tsintsiyar hannu ce ake matsawa, kuma lanƙwasa hannun da yawa na tsawon lokaci yana jawo haka. In ƙaramin yatsa ne da rabin na zobe, ɗaya jijiyar ce, mai bi ta gwiwar hannu ta wuce ta gindin tafi, daidai wurin da kake ɗorawa a kan jaki. Ajiye jitar a ranar, duba ko dannawa kake yi maimakon ɗorawa, ko kuma kaifin gefen jita ne ke nutsewa a damtsenka. In abin ya ci gaba bayan ka gyara zama ka huta na 'yan kwanaki, ko ya fara tashinka daga barci, je ka ga likita.